Big Brother Naija ne ya tsufa, ko mu ne muka gaji?

Mai Dish Jekadafari

Assalamu alaikum. Kafin wani ya ɗauko min wa'azi, ba tallar shirin nan na zo yi ba, ko a gidana ba a kunna shi. Sana'ata ɗaura dish da gyaran dikoda. Ina da ɗan shago a Jekadafari, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa rufin mutane a garin Gombe, daga Pantami zuwa Tumfure, wani sa'in a kira ni har Kumo ko Billiri. Wanda ke saita wa mutane tasha, ko bai so ba sai ya san abin da ake kallo a falo.

A 2020, shekarar kullen korona, babu abin da ya kawo min ciniki kamar Big Brother Naija, shirin nan da ake kulle matasa a gida ɗaya ana nuna su dare da rana, masu kallo na jefa ƙuri'a ana korar su har a samu gwani. 'Yan bautar ƙasa, ma'aikatan banki, masu otal, masu shagon aski, kowa na zuwa a biya masa kuɗin wata. Akwai kuma namu na gida, waɗanda ba sa kama sunan shirin. Mutum zai jira sai shago ya watse, ya sassauta murya ya ce, "A duba min ko tashar yaran nan tana fitowa." Yaran nan! Sai ka ce 'ya'yan maƙwabta.

A shekarar ne wani Alhaji ya kira ni gidansa ya ce in sa wa tasha ta 198, wadda ake nuna shirin a cikinta, lambar sirri, kada yara su gani. Na miƙa masa rimot, na juya baya, ya danna lambarsa da kansa. Ban kai bakin titi ba sai ga kiran uwargida: "Malam, don Allah lambar nan fa?" Na ce Hajiya, wallahi ni ma ban gani ba. Ba a yi kwana biyu ba autansu ya gano ta, domin Alhaji shekarar haihuwarsa ya sa. Sai da na koma gidan sau uku a wancan zangon.

To a zangon 2024 da na 2025, shiru kake ji. Waɗanda suka ce min saboda shirin suke biya, yatsun hannu sun isa a ƙirga su. Mai askin da ke kusa da ni, wanda a da talabijin ɗinsa ba ya barin 198 dare da rana, yanzu in ba ƙwallo ba to fim ɗin Indiya mai fassara. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ko masu cewa a kulle ma sun daina zuwa. Ai abin da ake tsoro shi ake sa wa kwaɗo.

Kuma ba kyauta ce ta ragu ba. Efe ya ci naira miliyan 25 da mota a 2017. Kyautar Laycon a 2020 ta kai darajar miliyan 85, ta Imisi a 2025 kuwa miliyan 150. Kuɗi na hawa, hirar shirin a gari na sauka.

Ga abin da ni na gani, a ɗan kallon da nake yi in ina gwada tasha. Yaran farko ba su san wasan ba, shi ya sa ake kallonsu. Lokacin da Laycon ya shiga gidan, dariya aka yi ta yi masa, ba wanda ya ɗauka zai kai ko'ina, sai ga shi ya kwashe. Whitemoney a 2021 kusan a kicin ya yi zamansa yana dafa wa gida abinci, mutane suka so shi a kan haka. Na yanzu kuwa kowa ya yi haddar littafin kafin ya shiga: ka samu wadda za ku yi soyayya a makon farko, ka ja faɗa kafin daren kora na Lahadi, ka je ɗakin ganawa da Biggie, wato muryar da ke ba 'yan gidan umarni, ka yi hawaye. A waje kuma ya bar mutanen da ke riƙe masa shafukansa suna neman masa ƙuri'a tun bai ajiye jaka ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san bambancin damben gaske da wanda aka shirya wa zai faɗi. Ko makaɗi ya fasa kalangu, 'yan kallo sun gane.

Tambayata biyu ce. A Gombe ne kawai abin ya yi sanyi, ko haka yake a wajenku? Sannan da za a damƙa muku shirin a ce ku gyara, ta ina za ku fara?

Uwar 'Yan Biyu, Tumfure

Wa alaikumus salam, Malam Mai Dish. Ka sa ni dariya da maganar Hajiyar nan, kamar ka leƙo gidan yayata.

Ni dai ba zan ɓoye ba, na bi na 2020 daga farko har ƙarshe. Amma ka tuna a wane hali muke a lokacin: makarantu a rufe, ba biki, ba suna, ba inda za a je. Wanda aka kulle a gida ba zai ji wahalar kallon wasu da aka kulle a gida ba. Yanzu fa? In tashi asuba in shirya yara, in je aiki, in dawo in ɗora tukunya, sannan in zauna ina kallon ƙatti suna barci da rana a kan kujera? Ga wuta ba ta zama. Kafin Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, daga baya har ta haura dubu. Wace mace ce za ta ce wa maigida a tayar da janareta don ta ga wa aka kora?

Sai dai kada ka ce mun daina bi. A wajen mai kitsona har yanzu ana hirarsa, illa dai ba wadda ta kalla a talabijin. Duk faɗan da aka yi a gidan, kafin a yi minti goma an yanko shi an sa a TikTok da Instagram. Da datar ɗari biyar ka ga tsokar, ka bar musu ƙashin.

Da ni ce mai gyara, sai in rage shi. Mako goma ya yi yawa, shida ya isa. A tace abin da ya faru a yini a mayar da shi awa ɗaya, a sa a YouTube bayan isha'i. Sannan a yi wani abu game da magoya bayan nan masu zagin iyayen juna a kan wanda bai ma san suna duniya ba. Su ne suka fara fitar min da shirin daga rai, tun kafin tsadar mai.

Malamin Firamare, Kumo

Ɗana Mai Dish, ka ce kada a kawo maka wa'azi, to ba zan yi ba, amma ka bar ni in yi murna. In dai da gaske shirin nan mutuwa yake, Allah ya ƙara nauyin ƙasa. Ban ga abin gyarawa ba a gidan da aka tara samari da 'yan mata ba aure, aka ba su abin sha, aka kafa musu kyamara har ɗakin kwana, sannan aka ce wanda ya fi jan hankali ya ɗauki miliyan 150.

Shekara ashirin da shida ina koyarwa. A wancan lokacin da kake cewa ciniki ya buɗe maka, na tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, wata yarinya ta ce min tana so ta shiga gidan Biggie. Ba ta san sunan mataimakin gwamnan jiharta ba, amma ta jero min 'yan gidan nan kaf.

Muna da gasar da ta girmi wannan nesa ba kusa ba. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, yara na fitowa daga ƙauyuka suna wakiltar Najeriya har Saudiyya. Ita ba a taɓa zama ana tambayar yadda za a ceto ta ba. Ka yi haƙuri in na yi zafi.

Tsohon Mai Kyamara, Bauchi

Malam, Allah ya saka da alheri, kuma ban ƙi maganarka a kan tarbiyya ba. Amma tunda tambayar ta sana'a ce, bari in amsa ta a sana'ance. Na yi shekaru a bayan kyamara kafin in yi ritaya.

Da farko a raba abu biyu da ake cakuɗawa: ƙuri'a daban, mai kallo daban. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da ke nuna shirin, ya sanar da ƙuri'u sama da miliyan 900 a 2020, da sama da biliyan ɗaya a 2021. Jama'ar Najeriya gaba ɗaya ba su kai rubu'in biliyan ba. Mutum ɗaya yana iya jefa ɗaruruwa a mako, ta intanet da ta manhajar dikoda, don haka 'yan tsirarun da suka haukace a kan gwaninsu za su iya cika akwati alhali falo ya watse. Ma'aunin da ya fi wannan gaskiya shi ne na masu biyan kuɗin wata, kuma a rahoton kamfanin da kansa, ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris 2025. Tsarin Compact na DStv da ake biyan naira 9,000 a 2022 ya koma 19,000 a Maris 2025, bayan ƙari sau huɗu. Su ma suna da hujjarsu, da dala suke sayen izinin nuna ƙwallon Turai, naira kuma kun ga yadda ta yi. Abin nufi, rabin abin da Mai Dish yake gani ba laifin shirin ba ne. Wanda ya kashe dikodarsa bai bar Big Brother kaɗai ba, har Arsenal ya bari.

Ɗaya rabin kuwa gundura ce, kuma wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba. A Holan aka ƙirƙiro shirin a 1999, wani mai suna John de Mol. A Ingila tashar Channel 4 ta nuna shi daga 2000, ta yar a 2010 da masu kallo suka ja baya. Channel 5 ta ɗauka, ita ma ta ajiye a 2018. Sai da ya yi shekara biyar a kwance kafin ITV ta tashe shi a 2023. A Amurka, shirin gasar waƙa na American Idol ya taɓa tara masu kallo sama da miliyan 30 a 2006, amma bai hana Fox rufe shi a 2016 ba, ya dawo a ABC a 2018.

Ku dubi namu. An yi na farko a 2006, Katung Aduwak ɗan jihar Kaduna ya ci, Ebuka da ke gabatarwa yanzu yana cikin 'yan gidan. Daga nan shiru har shekara goma sha ɗaya. Da ya dawo a 2017 mutane da yunwarsu suka tarbe shi, duk da ce-ce-ku-cen da aka yi cewa a Afirka ta Kudu ake ɗauka, har ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce a bincika. Tun daga nan ba a tsallake shekara ko ɗaya ba. A 2023 ma biyu aka yi: na haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a farkon shekara, sai na tsofaffin 'yan gida daga Yuli. A tsakani kuma ga zaman da ake tara na bara su tono tsohon faɗa. Ko zuma ce aka ba ka safe da rana da dare, wata rana za ka nemi kunun kanwa.

Sun gwada sauye-sauye, ban ce ba su gwada ba. A 2022 sun raba gidan biyu. A 2024 sun shigar da mutane bibbiyu, har da Kellyrae da matarsa da suka ɓoye aurensu, shi ne ma ya ci. Amma tun ba a je ko'ina ba aka warware bibbiyun, kowa ya koma tsayawa da ƙafarsa, wato su da kansu ba su amince da dabarar ba. Duk wannan fenti ne a bangon da ya tsage.

Maganina mai ɗaci ne: a huta shekara biyu ko uku. Gona ma ana barin ta ta yi saura. Na san ba za su yi ba, domin a wannan mako goman ne masu ɗaukar nauyi ke zuba kuɗin talla, kuma babu manajan da zai sa hannu a kan takardar da za ta rage masa ribar bana don ta baɗin baɗaɗa.

Ɗan Tangale a Kashere

Baba Mai Kyamara, na ƙaru sosai. Ni ɗalibi ne, kuma a ɗakin kwananmu ba mai dikoda, kowa da wayarsa, don haka Anti ta Tumfure ta faɗi gaskiya.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne su wa ake ɗauka. Yawancinsu Legas da Abuja, 'yan kwalliya da masu neman shiga fim ko waƙa, da yawa sun riga sun tara mabiya. In ka cire irin su Kaisha 'yar Sakkwato a 2020 da Saskay 'yar Adamawa a 2021, sau nawa ka ga wanda in ya buɗe baki za ka ce wannan namu ne? Ni ban ga kaina a gidan ba, ban ga mai gyaran waya ba, ban ga nas ɗin asibitin ƙauye ba. In dai za a gyara, a hana duk wanda ya riga ya yi suna a intanet shiga.

Yayyena har yau suna hirar Gulder Ultimate Search, wanda aka fara a 2004. A daji ake yi, ana hawa dutse ana tsallake rafi, kuma a tashoshin gida ake nunawa, da eriya kawai ka kalla, iyaye da yara a tabarma ɗaya. Ba wanda ke miƙa hannu ya ɗauki rimot in babba ya shigo.

Me zai hana a yi namu? A ɗauki matasa ashirin daga Gombe da Bauchi da Adamawa da Taraba, Musulmi da Kirista, maza da sansaninsu mata da nasu, a kai su kusa da dam ɗin Dadin Kowa. A ba kowa fili da jari daidai wa daida, daga shuka har girbi. Wannan ya sa shinkafa, wancan tumatir, wata ta yi kiwon kifi. A nuna ranar da tsutsa ta shiga masara, a nuna cinikin taki, a nuna wanda ya cinye jarinsa a kan sabuwar waya. Rigima ai ba sai an shirya ta ba, ku bar mutum biyu su haɗa injin ban ruwa ɗaya ku ga ikon Allah. Ina ganin ko Malam na Kumo zai bar 'yan ajinsa su kalla.

Mai Dish Jekadafari

Na gode muku duka, ban zaci zan samu amsoshi masu nauyi haka ba.

Hajiya ta Tumfure, a kan tsadar mai kin fi ni gaskiya, amma ban yarda da maganar tacewa ba. Abin da shirin nan yake sayarwa tun asali shi ne cewa ba a yanke komai, ka kunna ƙarfe uku na dare ka ga mutum yadda Allah ya yi shi. Ranar da aka mayar da shi awa ɗaya da aka zaɓo aka jera, ya zama wasan kwaikwayo, kuma in wasan kwaikwayo ne, 'yan Kannywood da Arewa24 sun fi su iyawa, ga shi a dish ɗin kyauta ake kama su. Shi ne ma aikin da ya fi shigo min yanzu: a sauke na biya a juya kwano zuwa tashoshin kyauta.

Baba Mai Kyamara, maganar gona ta yi saura ta shige ni. Ƙanina na Kashere kuma, in ka samu mai zuba kuɗi ka neme ni, ni zan ja muku waya kyauta. Sai dai ka shirya, damina wata huɗu ce zuwa biyar, kuma masara ba ta faɗa da kowa. Sai ka nemo abin da za a nuna a makonnin da ba abin da ke faruwa sai tsiro.

Malam na Kumo, ba ka yi zafi ba, matsayin uba kake. Amma ka sassauta murnar tukuna. Da a ce wa'azi ne ya kori mutane daga shirin, da ni ma na taya ka. Ni abin da nake gani, wuri kawai suka canza. Da abin yana bango, a falo, inda uba zai shigo ya gani ya kira ni in kulle. Yanzu yana cikin aljihu, kuma guntayen da ake yankowa ba na girki da wasannin gasa ba ne, mafi munin wurin ake zaɓa don shi ne ke yawo. Wannan ba ni da lambar da zan sa masa.

Makon jiya na koma gidan Alhajin nan, iska ta karkatar musu da dish. Na sauko daga rufi na shiga falo in gwada, sai na tarar 198 har yanzu a kulle. Na tambaya ko in cire. Alhaji ya ce ya manta lambar. Na kalli autan, wanda yanzu ya fi ni tsawo, yana kwance a doguwar kujera da abin ji a kunne. Sai da yayarsa ta taɓa shi ya ɗago, na maimaita tambayar, ya ce, "Wace tasha ce ma 198?" Ya mayar da kansa kan waya. Na saita musu Sunnah TV da tashar labarai, Alhaji ya biya ni, Hajiya ta aiko min da zoɓo mai sanyi.

Bari in tashi, ana jirana a Bolari, can ma iskar ce.